Billen Da Na Goge Daga Fuskar Inna

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce a garin Ƙofa, wadda ta fi zama a cikin littafi fiye da cikin gidansu. Tun ina sakandare nake karɓar hayar littattafan soyayya, ina karantawa a gindin murhu har tuwo ya kama. Da na samu waya sai na fara rubuta nawa, ina turawa shafi-shafi a wani zauren karatu na mata. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta rasu ina 'yar shekara tara. Hotonta guda ɗaya tak ya rage, ɗan ƙarami, Baba yana ajiye shi a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, cikin takardun gona. Baba manomi ne mai ƙarancin magana, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Da littafina ya yi nisa, matan zauren suka matsa sai na yi masa bango. Wata ƙawata ta nuna mini manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka ba ta hoto ka faɗa mata yadda kake so, ta zana maka. Ni kuwa tun farko fuskar Inna nake gani duk sanda nake rubuta tauraruwata. Wata rana Baba yana gona, na buɗe akwatin, na ɗauki hoton da wayata, na mayar da shi inda yake. Inna baƙa ce kyakkyawa mai wushirya, da bille a kuncinta na hagu. Amma a duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da tauraruwa mai bille ba. Duk farare ne, fuska sumul, gashi har gadon baya. Sai na umarci manhajar ta mayar da ita budurwa, ta haska fatarta, ta goge billen. Wushiryar da idanun kawai na bari. Da hoton ya fito sai da na yi hawaye don kyau. Na tura shi zauren hakanan, ko suna ban rubuta a jiki ba, aka yi ta yabo ana turawa gaba, ni kuma ina jin kaina a sama.

Bayan kaka, ranar wata kasuwa, na raka Baba Kiru zai sayar da masara ni kuma zan sayo kayan miya. Muna sauka daga mota muka ji lasifikar masu tallar maganin gargajiya, irin waɗanda ke faɗin maganganun da mai kunya ke sauya hanya saboda su. Na sunkuyar da kai zan wuce, sai na ga Baba ya tsaya cak. Na bi inda yake kallo. A jikin motar mai maganin an manna wata ƙatuwar takarda, ga Inna tana murmushi da wushiryarta, a ƙarƙashinta an rubuta sunan wani maganin mata da kalmomin da ba zan iya maimaita su ba. Kowace kwalba da ke kan motar ma fuskarta ce a jiki. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa, kasuwar duk ta yi mini shiru alhali lasifika tana ta ihu.

A nan tsakiyar mutane na faɗa wa Baba abin da na yi. Ya matsa ya yi wa mai maganin sallama, ya ce masa matar da ke jikin motarsa iyalinsa ce kuma ta rasu. Mutumin ya kashe lasifika, ya rantse cewa a wajen mai buga takardu a Kano ya zaɓi hoton, shi ma a waya ya tsince shi, kuma kowa ya san inji ne ya zana, ba mutum ba ce. Na ce ni na haɗa hoton, nawa ne. Ya tambaye ni ko da hannuna na zana, na ce a'a. Ya tambaya ko akwai sunana a jiki, na ce babu. Sai na buɗe wayata na nuna masa ainihin hoton Inna don ya gaskata. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya juya wajen Baba.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, amma wannan baƙa ce mai bille, waccan kuwa fara ce fuska sumul. Ta ina suka zama mutum ɗaya?"

Baba ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira ni da ainihin sunana, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo, ya tambaye ni wa ya cire billen. Na ce ni ce. Ya tambayi dalili, na rasa bakin da zan ce masa wai don ta yi kyau.

Mai maganin ya ji nauyin furfurar Baba ya ɓanɓare takardar jikin motar, amma ya ce kwalaben sun riga sun tafi Tudun Wada da Doguwa a hannun wasu, ba shi da iko da su. Washegari na je wajen kawuna, ƙanin Inna, wanda yake aikin kotu, da tunanin za a kama wani. Ya saurare ni har na gama. Ya ce a iya saninsa dokar haƙƙin mallaka tana kare abin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa ne, abin da inji ya zana kuwa har masana ba su gama gardama a kansa ba. Ya ce da fuskar 'yar'uwarsa ce yadda Allah ya yi ta, da akwai ƙofar da za a bi a ce an ci mutuncin mamaciya, amma ni da kaina na goge shaidar. Wato hoton bai zama nawa ba, bai kuma tsaya na Inna ba, sai dai duk wanda ya san ta in ya gani zai gane ta.

Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. A na huɗu yana gyaran fartanya a zaure na kai masa fura, ya ce in zauna. Bai ɗago ba ya ce, "Ranar da na fara ganin uwarki, 'yan mata sun fi goma a bakin rijiya. Da na koma gida ban san sunanta ba, mai billen nan kawai na ce wa yayata." Na karanta littafin soyayya ya fi ƙarfin lissafina, ban taɓa jin magana irin wannan ba, kuma billen nan shi na goge da ɗan yatsa.

Baba ya yafe mini, ya koma kirana Uwata, amma ya sa wa akwatin kwaɗo, kuma har yau bai sake taka kasuwar Kiru ba, aike yake yi. 'Yan'uwana mata masu rubutu, abin da kuka ba wa injin nan ya bar hannunku, abin da ya ba ku kuma ba lalle ne ya zama naku ba a ranar da za ku buƙaci ku ce naku ne. Kada ku miƙa masa fuskar kowa, balle ta wanda ba ya nan ya ce bai yarda ba. Ni dai na sake rubuta littafina daga farko, ba shi da bango, kuma tauraruwar baƙa ce mai bille a kuncin hagu.