Na Yi Wa Teku Waƙa, Aka Sa Ni Tuba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin masu karatu, ka kuma sakaya sunana, domin mutanen da zan yi magana a kansu duk suna raye, wasunsu ma tukunya ɗaya muke ci.

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai sanyin hali, irin wadda za a taka kuma ita ta ba da haƙuri. A Gwaram aka haife ni, a gidan malamai. Na yi sakandare a Birnin Kudu, na wuce kwalejin ilimi na karanta Larabci da Hausa, sannan na dawo gida ina koyarwa a Islamiyyar baffana, yayan mahaifina. Aji ɗaya ya ba ni, na 'yan mata. Na karɓe su tun suna haɗa baƙi, na raine su har suka doshi sauka, kuma ban da wannan ajin ba ni da wani abin taƙama a duniya. Bayan karatu, abin da nake so shi ne tsara waƙa. Nakan yi wa hadari baiti, in yi wa bishiyar kukar bayan gidanmu, har Inna takan ce ta haifi mai hira da gajimare. Tun ina ƙarama nake ƙwaɗayin ganin teku, ni da ban san wani ruwa ba sai kogin da ke cika da damina ya bar mana yashi da rani.

Sai ga dalili ya zo. Gwaggona da ke aure a Agege, can kudu kusa da teku, babbar 'yarta ta haihu, aka ce in wakilci gida wurin suna tunda makaranta na hutu. Labarin tafiyata bai kwana ba sai ga mata suna ta sallama. Matar baffana ce ta fara, ta ce in taho mata da ruwan teku saboda ciwon gwiwa. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda 'yarta ce gwanar ajina, ta ce ita ma a sam mata, an ce yana kashe ƙaiƙayi. Har wata tsohuwa daga Dingaya ta aiko da saƙo. Hajiyar nan da hannunta ta kawo mini jarka, ta ce in cika ta taf, kada in yi musu rowar abin da ba saye ake yi ba.

Gwaggo tana da wata 'ya sa'ata, wato taubashiyata. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san ba ya da linzami, kuma ba a fushi. Tun daga tasha ta fara, wai ga baƙauya ta zo, a riƙe mata hannu kada mota ta ɗauke ta. Ni kuma na ce mata baiwata ce, ta ɗauki jaka ta yi shiru. Bayan an watse daga suna ita ce ta zagaya da ni gari. Mun bi wata gada da na ɗauka ba za ta ƙare ba, ruwa dama da hagu, ga gidajen katako a tsaye a cikinsa, ga masunta a kwalekwale. Ta kai ni gidan tarihi, na ga kayan tagulla da fuskokin katako da sassaƙe-sassaƙen mutanen da, har da kayanmu na Arewa, tsofaffin riguna da ƙore masu zane, an adana su cikin gilashi kamar zinariya. A gaban wani sassaƙe mai ƙaton ciki ta tsayar da ni, ta ce ga angona ta samo mini, in matsa kusa ta ɗauke mu hoto. Na matsa ina dariya.

Daga nan muka nufi bakin teku. Edita, har yau ba na son in ƙi wannan yinin, duk da abin da ya jawo mini. Tun kafin in gan shi na ji rurinsa. Da muka hau tudun yashi sai ƙasa ta ƙare kawai, babu wani tsallake, ruwa ya tafi ya haɗe da sama. Na yi ta tasbihi ban ma san ina yi ba. Ga masu gasa kifi, ga masu sayar da kwakwa, ga yara ana hawar da su doki, kiɗa na tashi ta ko'ina, amma ni kamar babu kowa. Can gefe kuma akwai wasu mutane cikin fararen riguna suna kaɗa ƙararrawa suna ibadarsu, ban ko kula da su ba. Na tuɓe takalmi na shiga har idon sawu, na cika jarkar mutane, na ajiye. Sai baitoci suka zo mini, na buɗe baki na yi wa teku magana yadda na saba yi wa hadari da kuka. Na kira shi na ce, ya kai teku, na gaya masa na zo daga ƙasar duwatsu, na ce ya karɓi gajiyata ya tafi da ita inda ba a dawowa. Farin hijabi ne a jikina, hannuwana a buɗe saboda iska. Taubashiyata tana baya tana ɗauka da waya tana ƙyalƙyala dariya, tana cewa a zo a ga malama ta zo roƙon miji wurin 'yan ruwa, Allah Ya sa su ba ta mai wutsiyar kifi. Na juyo na watsa mata ruwa, na ce ita ce za su ɗauka don ta fi ni tsoka. Da ta ce za ta ɗora a sitatus na ce ta ɗora mana, wa zai kula.

Na dawo gida lafiya, na raba ruwa a kwalabe, aka yi ta sa mini albarka. Ba a jima da komawa makaranta ba na fara ganin canji. In na gaishe da mata a hanya sai su amsa a taƙaice. Yaran ajina suka fara raguwa. Ƙanwata ce ta nuna mini abin da ke yawo a wayoyin gari. Wani ya kwafi bidiyon, ya yanke dariyar, ya yanke inda na juyo na watsa ruwa. Abin da ya rage shi ne mace cikin fararen kaya a cikin ruwa, hannu a buɗe, tana kiran teku, ga jarka a gefe, ga masu ƙararrawa a bayanta, sai muryar wata tana cewa malama ta zo roƙon miji wurin 'yan ruwa. Aka haɗa da hotona a gefen sassaƙen nan, wanda shi ma taubashiyata ta ɗora a sitatus. Wani da bai taɓa ganina ba ya yi dogon saƙon murya yana bayanin hukuncin mai kiran wanin Allah, yana tambayar iyaye ko sun san wa suka ba amanar 'ya'yansu. Ranar kasuwar Gwaram maganar ta bi 'yan acaɓa da motocin haya ta shiga ƙauyuka. Kafin ta dawo mini an ce har kaza na yanka.

Na kira taubashiyata ina kuka. Da farko dariya ta yi, ta ce mutanen ƙauye ba su san wasa ba ne. Da ta gane da gaske ne ta turo cikakken bidiyon, ta yi saƙon murya tana rantsuwa cewa tsokana ce irin ta taubasai. Babu wanda ya tura wannan gaba. Wasan da a tsakar gidanmu kowa zai gane shi ya yi dariya, ya fita waje babu mai shi, ya zama shaida a kaina.

Na tafi wurin matan da suka aike ni, ina ganin su ne za su wanke ni a kan jarkar. Hajiya maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure, ba ta ko ce in shiga ba. Ta ce ita fa ba ta son a sa sunanta a cikin wannan magana, cewa ta yi in da hali, ba ta ce a je a yi wa ruwa kirari ba. Ta ƙara da cewa Alhaji ya hana 'yarta zuwa makaranta sai an ga abin da hali ya yi. Ina tsaye ina hangen kwalbar a kan tagarta, rabi ya ƙare da shafawa. Matar baffana kuwa cewa ta yi in rufa mata asiri, in Malam ya ji ita ce ta fara zancen ruwan ba za ta ji da daɗi ba. Na rufa mata. Wa ya rufa mini?

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Baffa. Shi ya koya mini balaga a kan buzunsa. Daga bakinsa na fara jin cewa mawaƙi yakan kira dare ko kufai ko iska ya yi musu magana, kuma wannan ado ne na harshe, ba addu'a ba. Ya kalli cikakken bidiyon a gabana, har ya yi murmushi, ya ce ya sani sarai ban yi shirka ba, baitin ma ya yi ma'ana. Sai ya ce amma jama'a ba su san balaga ba, kuma makaranta da jama'a take tsaye. Shawararsa ita ce in zo gaban kwamitin iyaye in ce na yi kuskure na tuba, ƙura ta lafa, in koma ajina. Na ce Baffa in tuba daga me? Ya ce 'yata, wane ne ya fi ƙarfin istigfari, ai ko ba ka yi komai ba kana yin sa. Na ce to shi ya tsaya ya yi musu bayanin da ya yi mini. Ya ce in ya yi haka za a ce yana kare 'yar ƙaninsa ne. Mahaifina ya ce in bi maganar yayansa, Inna ta ce mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Na bi. Wannan shi ne abin da nake cizon yatsa a kansa har gobe. Na durƙusa a bakin ƙofar ofishin makaranta, dattawa na zaune a kan tabarma, na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, ina neman gafarar Allah da tasu. Ina jin suna cewa madalla, Allah Ya karɓa. Na fito ina tsammanin an gama. Ashe da bakina na sa wa ƙaryar hatimi. Kafin la'asar magana ta zagaya cewa ta amsa laifinta. Waɗanda a da suke cewa a bincika tukuna suka janye, don wa zai kare wanda ya ce ya yi? Kwamitin ya ce tuba tsakanina da Ubangijina ne, amma tarbiyyar yara sai wanda ba a taɓa jin komai a kansa ba. Baffa bai ma kira ni ba, ƙanwata ya ba saƙo cewa in ɗan huta a gida tukuna. Aka ba wata ajina.

Da lokacin walimar sauka ya zo ba a gayyace ni ba. Makarantar ba ta da nisa da gidanmu, lasifika na kawo komai har ɗakina. Ina zaune ina jin 'yan matana suna karatu ɗaya bayan ɗaya, ina gane kowacce da muryarta, har inda na sha wahalar gyara wa wata fitar harafi na ji ta fitar da shi daidai. Na ji an kira sunan sabuwar malama ana yi mata jinjina a kan ƙoƙarin da ta yi. Na ji muryar Baffa yana wa'azi a kan haɗarin yaɗa abin da ba a tabbatar ba, jama'a na kabbara. A ranar na san cewa ashe ni ma ina da zuciya, don sai da na ciji filo kada in yi ihu.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Ina gaishe da kowa in mun haɗu, amma ba zan yi ƙarya in ce na huce ba. An ce in yafe, ina roƙon Allah Ya ba ni iko, sai dai har yau babu ko mutum ɗaya da ya zo ya ce mini ya zalunce ni.

Abin da na koya shi ne, ba zuwa bakin teku ne ya cuce ni ba. Duk wadda ta samu hali ta je ta ga ikon Allah, ta shiga gidan tarihi ta ga yadda mutanen zamanin da suka yi rayuwa. Amma 'yan uwana mata, ku kula da abin da ake ɗauka a waya, domin wasan da ke tsakaninki da 'yar uwarki ba ya tafiya da bayaninsa. Masu turawa kuma ku ji tsoron Allah, ɗan yatsan da kuke dannawa da shi zai yi magana ranar da bakinku zai yi shiru. Malamanmu, in kun san gaskiya ku faɗe ta a inda ake buƙatarta, ba a cikin ɗaki ba. Babban gargaɗina kuma ga masu sanyin hali irina ne. Istigfari tsakaninki da Mahaliccinki ki yi shi dare da rana. Amma in aka ce ki durƙusa a gaban mutane ki tuba daga abin da ba ki aikata ba don a zauna lafiya, ki ƙi, cikin ladabi, ko da wanda ya ce ki yi ɗin shi ya koya miki alifun. Su za su zauna lafiya, ke kuma ki tashi da laifin a kanki.