Buba na Ofishin Noman Rani Ya Riga Mu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina karyawa da safen nan waya ta shigo. Babban ɗan Buba ne. Ya ce, "Baba Sani, abokinka ya cika." Na ce wane abokin, alhali na sani.

Da yawanku kun san shi da Alhaji Buba mai koya wa matasa aikin data, wato sarrafa alƙaluma, a kwamfuta. Ni tun yana siririn saurayi na san shi, farkon shekarun tamanin, da aka haɗa mu a ofishin noman rani a Kura. Ni nake fita gonaki in auno alkama da tumatir, shi kuma ya zauna da alƙaluman ya fito da abin da suke nufi.

A ruga aka haife shi, can bayan Bunkure. Ya daɗe yana kiwo kafin a sa shi makaranta, har ya fi kowa tsawo a ajinsu. Daga nan bai tsaya ba sai jami'a, inda ya karanta ƙididdiga.

In ya je gida sai ya dawo mana da kindirmon innarsa.

Ga shi da son kamun kifi a kanal, wato babban magudanar ruwan noman rani, amma ban taɓa ganin ya kamo na miya ba. In na tsokane shi sai ya ce, "Kai dai zauna, ni ruwan nake kallo."

Shekarar da aka yi fari, aka ce mu zaga rugage mu gano yawan shanun da suka mutu. Rugar mahaifinsa na cikin zagayen. Na ce ya bari in je ni kaɗai. Ya ce a'a, tare za mu.

Muka tarar da tsohon a gindin tsamiya. Garken ya koma 'yan tsiraru, su ma ƙashi da fata. Ya dubi takardun da ke hannun ɗansa.

"Buba, jaje ka zo yi mini, ko ƙirga?"

Buba ya miƙo mini takardun, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baffa, ina farar nan mai karyayyen ƙaho?"

"Ta faɗi a hanyar rafi."

"'Yarta fa?"

"Ta bi ta."

Haka ya yi ta tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, tsohon na amsawa. Ba a rubuta komai ba ranar. A hanyar dawowa ya ce in tsaya, ya sauka daga babur ya juya mini baya. Na ƙyale shi har ya gama.

Washegari ya cike takardun da hannunsa.

Da ya haɗa na sauran rugage, sai ya ga shanu da yawa kusa da kanal suka faɗi. Ruwa na gudu, amma gonaki sun tare hanya. Ya yi ta yawo da rahoton nan, daga ofis zuwa zauren dagaci. Wasu manoma suka ce ɗan Fulani ne ke yi wa 'yan'uwansa yaƙi. Bai yi fushi ba, gonakinsu ya riƙa bin su yana bayani, har aka yarda aka buɗe burtali da mashaya. Garken Baffa bai farfaɗo ba, amma na maƙwabta da dama sun kai damina.

Da kwamfuta ta iso ofis ƙarshen tamanin ɗin, tsoron taɓa ta nake. Ya ja mini kujera ya ce, "Danna, ba ta cizo." Da abin da ya koya mini na ci abinci har na yi ritaya.

Bayan ƙaramar Sallah na je Kura duba shi. Ciwon suga ya ci idonsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, an ce ka yi furfura. Ni dai a wurina har yanzu baƙin gashi gare ka." Muka yi ta dariya. Da zan tafi ya dage sai ya raka ni ƙofa, yana lalube da bango.

"Ka dawo in an yanke shinkafa."

Shinkafar ko nuna ba ta yi ba.

Allah Ka jiƙan Buba, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da iyayensa a Aljanna Firdausi, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.