Tafi ga Wanda Ya Kayar da Kai

Da manajan kamfanin motocinmu a Doha ya ce zan riƙa tuƙa wani kyaftin ɗan Ayalan har mako guda, sai na ɗauka soja ne. A filin jirgi na ƙame na sara masa. Mutumin ya yi dariya har da dafa mota. Ashe kyaftin ne na ƙwallon zari-ruga, ya taɓa jagorantar 'yan wasan ƙasarsa shekaru masu yawa da suka wuce, yanzu wata makaranta ce a Ain Khaled ta gayyato shi ya koya wa ɗalibai.

Ƙato ne, wuyansa da kansa kauri ɗaya, kunnuwansa a murɗe kamar soyayyen ƙosai. Ba ya iya zama wuri guda. Ran Asabar da la'asar ƙasarsa na da wasa, na zaci otal zan kai shi ya kalla. Sai ya ce a'a, mu yi ta yawo kawai, shi tun da ya bar fili ba ya iya kallo. Muka zaga unguwar Mushairib, lokacin duk gine-gine ake yi, hanya a toshe nan a buɗe can. Yana ta kaɗa gwiwa har kujera na motsi, ni kuma abin ya ishe ni, don nawa rashin sukunin ma ya ishe ni.

A wata danja ya ƙura wa hannuna na dama ido, ya tambaye ni me ya sa ya fi na hagu girma.

Shekara huɗu ban faɗa wa kowa ba, har mutanen da muke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Mansura. Na ce masa ni ɗan dambe ne a gida, wannan hannun ake naɗe wa zare. A garinmu, gaban mahaifina da makaɗana, wani yaro da na raina ya kashe ni a turmi na biyu. A dambe in ka faɗi ƙasa, an kashe ka ke nan. Kunya ta hana ni fita kasuwa. Da hanyar Qatar ta samu na gudo, Sallah takwas ban je gida ba, kullum ƙaryata ita ce kafil, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya hana hutu.

Ya tambaya sau nawa aka kayar da ni. Na ce sau ɗaya. Ya sake wannan dariyar tasa, raina ya ɓaci sosai.

"Mu a wasanmu," in ji shi, "in an tashi, sai ku jeru layi biyu a bakin fita, waɗanda suka lallasa ku su wuce ta tsakiya kuna tafa musu. Kyaftin ne a gaba. Na yi wannan tafin da karyayyen hanci, na yi shi ina ji kamar in mutu."

Na ce wannan ai cin fuska ne. Ya ce wataƙila, amma bayan tafin mutum yana iya fita gari.

Ya tafi ran Litinin. Maganar ta ƙi barina, ga haushi ga kewar gida. Na yi kwana uku ina neman lambar wanda ya kayar da ni, na samu, na yi kwana guda ina kallonta. Ran Juma'a bayan masallaci na tsaya a inuwar wani shago na kira.

Muka gaisa. Da ƙyar na ce masa na kira ne in ce hannunsa ya yi kyau ran nan.

Ya ce, "Yaya, wace rana?"

Na tuna masa.

"Allah sarki. Ai ni ma bayan sati uku aka kashe ni, na tashi na kaɗe wandona. Yanzu nama nake sayarwa. Babanka kullum sai ya biyo ta rumfata ya tambaye ni ko na ji labarin ranar da za ka dawo."