Tsibin da Safar Ya Zaɓa

Duk ƙauyen da ke bayan garin Ƙa'in an san Safar ba ya yarda da kowa. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihu. Shekara hamsin yana noman za'afaran, furen da ake sayar da jan zarensa da tsada, bai taɓa barin wata ta tsince masa jan zaren fure a bayan idonsa ba, ko da matarsa Mahbanu ce. Tun tana fushi har ta koma yi masa dariya.

Shekarar da ruɓa ta cinye albasar gonarsa, wato tushen za'afaran da ake shukawa, bai da abin shukawa sai rabonsa na tsohuwar gonar mahaifinsu, wadda suka haɗa da yayansa Barat. Da bazara suka tono albasar, shekararta bakwai a ƙasa. Ƙa'idar rabo ɗaya ce, babba ya kasa, ƙarami ya zaɓa. Kuma kowa ya san albasar da ba ta kai girman goro ba, ganye kawai za ta yi a shekarar farko. Wanda ya kwashi ƙanana, hunturunsa sai gurasa da shayi.

Barat ya kasa tsibi biyu a inuwar katanga. Na dama manya-manya ne a sama, sai sheƙi suke. Na hagu kuwa duk 'yan mitsi-mitsi.

Safar ya zagaya su sau uku yana jan gemu. A ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza, wa zai baje kyakkyawa a fili in ba tarko ba?

"Yaya, ka ɗauka jiya aka haife ni?" Ya dafa na hagu. Barat ya hau ɗure nasa a buhu.

Da Safar ya zazzage buhunansa a gida, ya tarar ƙasan duk manya ne. Ya yi ta yi wa Mahbanu alfahari ya kama ɓarawo hannu dumu-dumu. Ya shuka su zurfin taƙi guda, ya jira sanyi ya sauka kafin ya ba su ruwan farko.

Da kaka gonarsa ta rufe da shuɗin fure. Ta Barat kuwa tsilli-tsilli, ko kwando ba ya cikawa. Safar ya tsallaka kunyar gona takanas don ya yi masa ba'a, ya tambaye shi ina wayon ya kwana.

Barat na tsugune, bai ko ɗago ba.

"Ni ina da wata gonar, kai ba ka da ita. In na ce ungo, za ka karɓa? Shekara sittin na san halinka, ƙanena."

Kunya ta kama Safar har wuya. Ya koma gida bai iya cin abinci ba. Mahbanu ta ce ya tashi ya je ya yi godiya, ya ce zai je. Ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya tambaye ta a hankali, ita a ganinta me Barat yake nema a wurinsa.