Takalmin da Kawu Ke Horarwa

Kawuna direba ne, kuma rashin sa'arsa shi ne lambar takalminsa ɗaya ce da ta maigidansa. Duk shekara maigidan yakan sayo takalmi mai nauyi don hawan duwatsun ƙanƙara a ƙasar waje. Sabon takalmi cizo gare shi, sai a miƙa wa Kawu: "Malam direba, taka shi ya yi laushi."

Da shi Kawu yake wanke mota, da shi yake hawa bene, yana ɗingishi. Ranar da ya daina cizo, ranar ake karɓewa.

Jiya na tarar da ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi. Na ce, "Kawu, ina takalmin?"

Ya ce, "Ya tafi ganin duniya, ɗana. Ni aka bar wa bororon."