Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Raba Ni da Ɗana a Hanyar Umra

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya ce take hana ni, kuma ita ce dai ta jawo mini abin da zan faɗa. A lokacin shekarata ashirin da biyu, ina aure a Gusau, da goyon ɗan fari na wata biyar. Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Bilbis, gidan masu shanu, inda mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta ba shi nono a gaban surukai. Haka na taso, har ina taƙama da cewa zaman birni bai lalata ni ba. Ga shi kuma sunan mahaifin mijina aka sa wa yaron, kunyar ta zama biyu.

Mijina ya biya mana Umra, ni da shi da mahaifiyarsa da muke kira Inna, wadda ta taho daga Bunguɗu. Wata guda cur na yi ina shiri. Fasfon yaro, katin rigakafi, famfas, kayan sanyi, yaji, garin kunu, har ɗan bahon wankansa sai da na cusa a jaka. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba: a gida idan ya yi kuka sai in faki ido in shige ɗaki in ba shi, amma a hanya babu ɗaki. Kwana biyu kafin mu tashi ya fara ɗan gudawa, aka ce haƙori ne, na yarda.

Yayan mijina ne ya kai mu Kano a motarsa. Tun a ƙofar gida Inna ta karɓi jikanta ta ɗora a cinya. Kafin mu wuce Tsafe ya fara kuka, ni kuwa na juya kai ina kallon gonaki kamar ɗan maƙwabta ne ke yi. Inna ta miƙo mini shi, na ce ai ya ƙoshi, rigima ce kawai. A filin jirgi na samu na laɓe a masallacin mata, ya ɗan kama nono, aka kira mu shiga jirgi, na cire shi ba shiri. A cikin jirgi kuma ina tsakiya, Inna a dama, mijina a hagu. Sau biyu tana tambayata ko ya sha, ina ce mata ya sha sosai a masallaci. Wallahi rigata ta jiƙe a ƙarƙashin hijabi, ƙirjina kamar zai fashe, amma na daure, ina ganin mutunci nake karewa.

Da muka sauka Jidda muka daɗe a layi, sannan muka hau motar Makka. A nan ya yi shiru, har na ji daɗi na ce barci ne. Inna ce ta zare masa hula don zafi, sai na ga hannunta ya tsaya. Maɗigarsa ta loɓa, leɓensa ya bushe, idanu sun faɗa. Ta duba famfas ɗin da na sa masa tun Kano, gudawa ce kawai a ciki, babu alamar fitsari. Na fizge shi a gaban kowa na sa masa nono, ya kasa kamawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, a ƙafa ma aka samu jijiya. Likita ta sa wani tafinta ya tambaye ni yaushe rabonsa da nono, ga Inna tsaye. Na faɗi gaskiya ina kuka. Na zata za ta zage ni, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta zauna ta kama hannuna ta ce, "Ke ɗiyata, ni kike jin kunya? Ni ma da laifina, na ga kina kau da kai na yi ta yaba hankalinki a raina." Kwana biyu muka yi kafin ya kama nono, kuma ita ce ta ware mayafinta ta kare ni ina ba shi.

Yanzu shekararsa huɗu, lafiya lau. Har gobe ba na kiran sunansa, kuma ban ce a bar kunya ba. Amma na gane al'adarmu ta tsaya ne da ɗaki da zaure da gwaggo mai karɓar yaro, kuma ba a shiga jirgi da su. 'Yan'uwana masu goyo, kafin ku ɗaure jaka ku san inda za ku shayar, kar ku ɗaga da yaro mai gudawa ba ku ga likita ba. Surukai kuma ku riƙa juya kai ku ce a ba shi. Na shirya wa yaron nan komai har da bahon wanka, abin da yake buƙata kuwa yana jikina, na hana shi.