Shekara Hamsin da Uku Kafin a Gwada Ta

A ofishin makarantar, Yanzu-yanzu ake ce mata, domin duk aikin da ka miƙa mata, amsarta ke nan. Ita ce mai buga takardu, teburinta na bayan ƙofa, kusa da kabad ɗin da hannunsa ya karye. Shekara goma sha tara ta yi a kujerar nan, ba a taɓa samun mai saurin hannunta ba. In aiki ya kama ranta, kamar tsara jadawalin darussa da ya gagari kowa, sai ta manne tun safe har yamma, ba ci ba sha, a kira ta sau uku ba ta ji ba. Amma wasiƙa mai layi huɗu sai ta kwana goma a ƙarƙashin kofin shayi. Ba mantawa take yi ba. Kullum tana ganinta, hannun ne kawai ba ya zuwa.

Minti biyar da awa guda duk ɗaya ne a wurinta. Takan riga kowa tashi a gida, ta iso aiki bayan kowa, wata rana ma da takalmin wanka. In ana hira sai ta ƙarasa wa mutum maganarsa, daga baya kunya ta ishe ta. In an ɗan yi mata faɗa, sai ta shiga bayi ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Mahaifiyarta har ta bar duniya tana cewa, "Allah ya ba ki kai, ya hana ki natsuwa."

Abin da ya raba ta da aikin ambulan ne guda. Sunayen ɗalibai goma sha ɗaya ne a ciki, masu zana jarrabawar ƙarshe. Ta buga su tsaf, ta sa a jaka za ta kai, sai aka tsayar da ita a ƙofa da wata magana. Bayan sati uku aka tsinci ambulan a ƙasan jakar, an riga an rufe rajista. Yaran suka yi asarar shekara.

Shugaban makarantar bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ba ki iya aiki ba ne, da na yi miki uzuri. Kin iya. Damuwa ce ba ki yi ba."

Ita ma haka ta ɗauki kanta.

Shekara biyu tana zaune a gida, sai babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya, ta zo hutu. Ta zuba mata ido kwana huɗu: tukunya ta ƙone sau biyu, mukulli ya fito daga cikin firji, saƙa uku an fara ba a gama ko ɗaya ba. Ta ce, "Umma, mu je a gwada ki."

"Mahaukaciya kike so a ce uwarki ce?"

"A'a, Umma. So nake mu san abin da yake."

Zuwa uku suka yi asibiti. Likitar ta ɗebi jini don a tabbatar ba wata cuta ba ce daban, ta ba ta takardun tambayoyi, ta yi ta tonon yarintarta. Har tsofaffin takardun firamare aka kawo, malami bayan malami ya rubuta abu ɗaya: tana da basira, ba ta mai da hankali.

A zuwa na uku likitar ta ce, "Ana kiransa ADHD. Mutane sun ɗauka na yara masu ƙiriniya ne kawai. A babba yakan zo da wannan: rashin sanin tafiyar lokaci, nutsewa cikin abu ɗaya, kasa fara ƙaramin aiki, saurin jin zafin magana. Ba lalaci ba ne, Mama. Da shi kika taso."

Uwar ta ce, "Tun yaushe ake da maganinsa?"

"Tun kafin ki fara aiki."

'Yar ta zata uwar za ta yi murna. Ita kuwa ba ta yi ba.

Yanzu tana shan maganinta, tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tasha. Wayarta na yi mata ƙarar tunatarwa sau shida a wuni, aiki kuma na fita a kan lokaci. Da ta kira yayanta ta ba shi labari, dariya ya yi, ya ce, "To, yanzu sakaci ma a asibiti ake raɗa masa suna?" Daga ranar ta daina gaya wa kowa.

Rannan 'yar ta kira ta ce, "Umma, ya jikin? Akwai sauƙi?"

Ta ce, "Sauƙi kam akwai, 'yar nan. Amma shekarun da suka wuce, wa zan kai wa ƙara?"